Neman Wutar Rana a Doron Ƙasa: Tarihin Hanyar da Aka Yaba Amma Ba a Bi Ba

Gabatarwa

 Lokacin da Editan wannan mujalla tamu ya nemi in rubuto wani abu a kan tarihi, na san tsammaninsa zan kawo labarin wani sarki ko wani yaƙi. Sai kuma na tuna wata tambaya da malaminmu na fiziks ya yi mana muna aji biyar, wata ranar zafi bayan an dawo daga tara. Ya nuna taga da alli ya ce, "Wane irin itace rana take ci, da har yau wutarta ba ta mutu ba?" Muka yi tsit. Wani daga bayan aji ya ce ƙirya, aka tuntsire da dariya. Waɗanda muka zauna ajin tare ba za su manta ba.

Tambayar ta dawo mini a watan Disamba na 2022, sa'ad da gidajen rediyo suka ba da labarin cewa masana a Amurka sun kunna irin wutar rana a cikin ɗakin gwaji, har ta ba da ƙarfin da ya fi wanda aka zuba mata. Muna ofis ana fifita da bangon fayil saboda an ɗauke wuta, wani abokin aikina ya ce, "To, ke nan mun kusa hutawa da sayen man janareta?" Neman amsar da zan ba shi ne ya kai ni ga labarin da zan ba ku yau. Da hasken lesa aka yi wancan gwaji. Amma tun 1976 akwai masanan da suka nuna cewa in dai tashar lantarki ake so a gina, akwai abin da ya fi lesa dacewa, watau injin da ke harba ƙwayoyin zarra masu nauyi. An yaba shawarar tasu, an yi zane-zane, an yi taro bayan taro, amma har yau ba a gina injin ba. Dalilin haka darasi ne ga duk wanda ya taɓa ganin yadda ake raba kasafin kuɗi.

Itacen da rana take ci

Hanya biyu ce ake samun makamashin nukiliya. Ta farko ita ce a fasa ƙwayar zarra mai nauyi, kamar ta yuraniyam ɗin da ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar. Haka tashoshin lantarki na nukiliya suke aiki, haka kuma ƙaramin tukunyar bincike da aka ƙaddamar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 2004 take aiki. Ta biyu ita ce a haɗe ƙwayoyi marasa nauyi su zama guda. Wannan ita ce sana'ar rana: tana haɗe haidurojin ya zama hiliyam, ɗan nauyin da ya ɓace a tsakani kuwa shi ne yake komawa zafi da haske. Baturen Ingila Arthur Eddington ne ya fara kawo wannan bayani a 1920.

A 1934, a ɗakin gwaji na Cavendish da ke Kambirij, Mark Oliphant da Paul Harteck da Ernest Rutherford suka haɗe ƙwayoyin haidurojin mai nauyi da hannun ɗan Adam. Abin lura shi ne da injin harba ƙwayoyi suka yi wannan aiki. Sai dai mafi yawan ƙwayoyin da suka harba sun ɓarar da ƙarfinsu ba tare da sun haɗe ba, don haka abin da ake samu bai kai ko kusa da abin da ake kashewa ba.

Man da ya fi sauƙin kamawa shi ne gamin haidurojin iri biyu masu nauyi, diyutiriyam da tiritiyam. Na farkon yana nan cikin ruwan teku, kimanin ƙwaya 1 cikin kowace 6,500 ta haidurojin. Na biyun ba ya daɗewa, rabinsa kan lalace cikin shekara 12 da 'yan watanni, saboda haka sai an ƙera shi daga litiyam. Wahalar ita ce ƙwayoyin nan ba sa son juna, kowace tana ture 'yar uwarta. Kafin su haɗe sai an kai su zafin digiri miliyan 100, alhali tsakiyar rana kanta kimanin miliyan 15 ne. Rana tana da nauyinta da ke danne kayan cikinta. Mu a nan ba mu da wannan gata.

Ranar 1 ga Nuwamba 1952 Amurka ta tayar da bam ɗin haidurojin na farko a tsibirin Enewetak da ke Tekun Fasifik. Wannan ya tabbatar da cewa wutar tana kamawa a doron ƙasa, amma ashanar da aka ƙyasta mata bam ɗin nukiliya ce sukutum. Tambayar da ta rage ita ce, yaya za a kunna ta kaɗan-kaɗan, yadda za ta dafa ruwa ta juya injin, ba tare da ta share gari ba?

Yadda ake riƙe abin da ba ya riƙuwa

Babu tukunyar da za ta ɗauki abu mai zafin digiri miliyan 100. Wasu masana, musamman na Tarayyar Sobiyet, suka ce a rataye shi a sarari da ƙarfin maganaɗisu cikin wani zobe da ake kira tokamak. Wannan hanya ce ake bi a babban aikin ITER da ƙasashe suka haɗu suna ginawa a kudancin Faransa.

Wasu kuma suka ce kada ma a wahalar da kai wajen riƙewa. A zuba man a cikin 'yar ƙwallo mai faɗin milimita 2, kamar ƙwayar masoro, a buge ta ta kowane gefe a lokaci guda. Bayanta zai ƙone ya yi tsalle waje, cikinta kuma ya matse ya yi zafi, wutar ta kama ta gama ci kafin kayan su sami damar watsewa. Abin da ke riƙe man a nan shi ne nauyin jikinsa kawai, watau nawar da kowane abu yake yi kafin ya motsa. John Nuckolls na cibiyar Livermore da ke Kalifoniya ya fara wannan tunani a wajajen 1960, shekarar da Theodore Maiman ya ƙera lesa ta farko. A 1972 shi da abokan aikinsa uku suka buga bayanin a mujallar Nature, inda lissafinsu ya nuna cewa ƙarfin da bai wuce jul 1,000 ba zai iya wadatarwa.

Ashe da sauran rina a kaba. Duk wanda ya taɓa dunƙula fura a tafin hannu ya san in ya matse da ƙarfi sai ta ɓullo ta tsakanin yatsu. Haka 'yar ƙwallon nan take yi: in bugun ya ɗara a wani gefe ko da ƙiris ne, sai ta karkace ta ƙi matsuwa. Livermore ta riƙa gina lesa, wata ta fi wata, Shiva a 1977, Nova a 1984, har aka kammala NIF a 2009 mai bakin wuta 192, a kan kuɗi kimanin dala biliyan 3.5. Ita ce ranar 5 ga Disamba 2022 ta zuba megajul 2.05 ta samu megajul 3.15. Ƙarfin da aka bukata ya ninka hasashen 1972 sau 2,000, an kuma yi shekara 50 ana jira.

Lissafin ɗan kasuwa

To, ga amsar abokin aikina. Yunit ɗaya na mitar wutar gidajenmu megajul 3.6 ne. Ke nan duk abin da aka samu a wancan gwaji bai cika yunit ɗaya ba. Kafin kuma lesar ta fitar da wancan megajul 2, sai da ta sha kimanin megajul 300 daga layin lantarki, watau sama da yunit 80. An ci gaba da inganta gwajin, har a watan Afrilu na 2025 aka samu megajul 8.6, amma har yanzu yunit biyu da ɗan wani abu ke nan. Wannan ba ya rage darajar nasarar, domin ba don sayar da wuta aka gina NIF ba. Sai dai ɗan kasuwa ba ya kiran abu riba sai ya cire uwar kuɗi.

Bari mu yi lissafin kamar yadda aka koya mana a allo. A ce 'yar ƙwallon tana mayar da ninki 50 na abin da aka buga mata. Wannan zafi ne, in aka juya shi lantarki kimanin yunit 20 za a samu. In injin da ke bugun yana shan yunit 100 kafin ya kai yunit 1 ga ƙwallon, an yi asarar 80. In kuwa yunit 4 yake sha, an ci ribar 16. Ashe makomar tashar ba ta rataya a kan ƙwallon kaɗai ba, ta fi rataya a kan gudumar da ake bugunta da ita.

Bayan wannan akwai wasu sharuɗɗa biyu. Tashar lantarki tana bukatar a yi harbi sau 5 zuwa 10 a kowane sakan, dare da rana, shekara da shekaru, alhali gilasan NIF kan ɗauki sa'o'i suna hucewa bayan kowane harbi. Sa'an nan lesa tana bukatar madubi ko gilashi na ƙarshe da zai fuskanci wutar ido da ido, kowace fashewa kuma tana yi masa lahani. Waɗannan matsaloli uku, cin wuta da saurin harbi da ƙarko, su ne suka sa wasu masana suka waiwayi wata na'urar dabam.

Taron 1976

Idan aka cire wa ƙwayar zarra ilektiron ɗaya ko fiye, sai ta ɗauki cajin lantarki, a kira ta ayon. Da zarar ta zama ayon, lantarki na iya ingiza ta, maganaɗisu na iya karkata ta. A kan wannan ne aka gina injunan harba ƙwayoyi, tun daga na Rolf Widerøe ɗan ƙasar Norwe a 1928, da na Ernest Lawrence na Berkeley a farkon shekarun 1930, wanda ke juya ƙwayar kamar dutse a majaujawa kafin ya sake ta. Zuwa shekarun 1970 masu wannan sana'a sun ƙware. Injunansu suna harbi sau da yawa a sakan, suna yin shekaru gommai suna aiki, kuma an ƙiyasta cewa irin wanda ake bukata zai iya miƙa kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na wutar da ya sha.

A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa suka rufe wa Amurka da wasu ƙawayenta famfon mai, farashi ya ninka kusan sau huɗu. Kuɗin da ya kawo wa iyayenmu ƙarin albashin Udoji shi ne ya jefa Amurkawa dogon layi a gidajen mai, gwamnatinsu ta shiga neman makamashi ido rufe. A cikin wannan yanayi ne Alfred Maschke na cibiyar Brookhaven, da Ronald Martin da Richard Arnold na cibiyar Argonne kusa da Shikago, suka kawo shawarar a bugi 'yar ƙwallon da ayon masu nauyi. A watan Yuli na 1976 hukumar binciken makamashi ta Amurka ta tara masu ƙera injuna da masu zana ƙwallon a otal ɗin Claremont da ke gefen Berkeley. Suka yi kusan mako biyu suna neman aibin da zai rushe shawarar tun daga tushe, ba su samu ba. Aka sake zama a Brookhaven a 1977, da Argonne a 1978.

Mai karatu zai ce, don me sai masu nauyi? Ƙwayar dalma ta fi ta haidurojin nauyi sau 200 da ɗoriya, kuma in ta shiga cikin abu ba ta yin nisa take tsayawa ta sauke duk kayanta. Saboda haka ana iya ɗora mata ƙarfin bolt biliyan 10, duk da haka ta tsaya a cikin ɓawon da bai kai kaurin milimita ba. Ƙwayar haidurojin in aka ba ta wannan ƙarfi sai ta huda ta wuce. Kafin ta tsaya a wuri ɗaya da dalma sai an rage mata ƙarfi kusan sau 1,000, wanda ke nufin sai an tara ninki 1,000 na yawan ƙwayoyin. Tun da kuwa ayon duk caji ɗaya gare su, suna ture juna, yawansu shi ne babbar fitina. Cibiyar Sandia ta gwada hanyar ayon marasa nauyi da litiyam tun daga tsakiyar shekarun 1980, ta sha wahalar tattara su wuri guda, har a 1996 ta juya injin nata zuwa wani aiki.

Daɗin daɗawa, maganaɗisu ne ke saita ayarin ayon, ba gilashi ba. Ayarin yana bi ta rami a tsakiyar maganaɗisun, shi kuwa ana iya ɓoye shi bayan garkuwa. Har ma masanan Livermore suka zana ɗakin fashewa wanda narkakken gishiri mai litiyam zai riƙa kwarara a cikinsa kamar labule, ya kare bango, ya kwashe zafi, ya kuma haifar da tiritiyam ɗin da ake bukata.

Amurka da Turai sun raba hanya

Aikin da ake nema daga injin ba ƙarami ba ne. Ana so ya sauke kimanin megajul 5 a kan tabon da bai wuce 'yan milimitoci ba, cikin lokacin da haske ke ɗauka ya ratsa ɗaki mai faɗin mita 3. A cikin wannan ɗan ƙyaftawa, ƙarfin bugun ya ninka wutar lantarkin da duniya duka ke samarwa fiye da sau 100. Masana suka kasu biyu kan yadda za a tara wannan ayari.

Turawa, musamman Jamusawa, suka zaɓi abin da suka saba da shi: dogon injin miƙaƙƙe zai riƙa harbo ayon a hankali, a tara su cikin zobba masu yawa kamar yadda ake tara ruwa a madatsa, sa'an nan a sake su gaba ɗaya. Jamus tana da cibiyar GSI a Darmstadt, wadda aka kafa a 1969 domin binciken ayon masu nauyi. A 1981 masanan Jamus da na Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka fitar da cikakken zanen tasha mai suna HIBALL, inda injin guda mai harba bismot zai ciyar da ɗakunan fashewa huɗu, a samu kusan megawat 3,800. Don mu gane girman abin, ƙarfin injunan da aka saka a madatsar Kainji a wancan lokaci megawat 760 ne, ke nan ninki biyar. Daga baya cibiyoyin Turai suka sake wani nazari mai suna HIDIF, aka kammala shi a 1998. Duka biyun a takarda suka tsaya.

Amurkawa kuwa, bisa jagorancin Denis Keefe na Berkeley, suka ɗauki wata dabara da Nicholas Christofilos ya ƙirƙiro. Shi wannan bawan Allah injiniyan lif ne a birnin Atina na ƙasar Girka, da karatun kansa ya koyi ilmin injunan harba ƙwayoyi, har ya riga manyan masanan Brookhaven gano hanyar tattara ayari da maganaɗisu, daga baya Amurka ta ɗauke shi aiki. Injin da ya gina a Livermore a farkon shekarun 1960 kamar jerin taransfoma ne, ayarin yana ratsa tsakiyarsu, kowace tana ƙara masa ingiza. Amfaninsa shi ne yana ɗaukar ayari mai kauri a tafiya ɗaya, ba sai an tara a zobe ba. A shekarun 1980 Berkeley ta gwada ayari ɗaya, sa'an nan ta gwada huɗu a jere a injin MBE-4, sakamakon kuma ya nuna ana iya riƙe ayon masu yawa fiye da yadda wasu suka ji tsoro. Mataki na gaba, wanda aka sa wa suna ILSE, an zana shi a farkon shekarun 1990, amma ba a ba da kuɗin gina shi ba.

Me ya hana?

Dalili na farko daga jikin fasahar yake. Lesa tana hawa tsani mataki-mataki, ƙarama ma tana iya ƙona wani abu a auna, a nuna wa masu ba da kuɗi. Injin ayon masu nauyi kuwa ba ya nuna bajintarsa sai ya kai cikakken girma, tsawon kilomitoci da kuɗi biliyoyin daloli. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, to ga abin da gwada shi ma sai an kashe kuɗin gina shi. Duk wanda ya taɓa kare kasafin ma'aikatarsa a gaban kwamiti ya san irin kallon da ake yi wa mai irin wannan bukata.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi nauyi. A Amurka, kuɗin binciken 'yar ƙwallon nan daga asusun makamai yake fitowa, domin abin da ke faruwa a cikinta ƙaramin hoto ne na abin da ke faruwa a cikin bam ɗin haidurojin. Da Amurka ta yi gwajin bam na ƙarshe a watan Satumba na 1992, sai ta bukaci hanyar tabbatar da lafiyar makamanta ba tare da tayar da su ba, aka aza harsashin NIF a 1997 saboda wannan. Mai binciken makami harbi ɗaya mai kyau yake so, ya auna, ya koma ofis. Bai damu da yawan wutar da injin ya sha ba, ko sau nawa zai harba a sakan. Watau duk abubuwan da ayon masu nauyi suka fi lesa da su, babu ko ɗaya da mai riƙe da jakar kuɗin yake bukata. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

Na uku, sirri. Saboda dangantakarsa da bam, yawancin bayanin zanen ƙwallon a kulle yake a Amurka har zuwa 1993, lokacin da aka saki kaso mai yawa. Masanan Jamus da Japan sun yi shekaru suna zana guduma ba tare da an nuna musu lissafin abin da za ta buga ba. Kuɗin da Turai ta ware wa wannan fanni kuma kusan dukansa tokamak ya tafi.

Na huɗu, tsoro ya wuce. A 1986 farashin mai ya faɗi warwas. Faɗuwar da ta zo mana da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, ita ce ta sa ƙasashe masu sayen mai suka saki jiki, suka rage kuɗin neman madadinsa.

Inda aka kwana

A 1999 cibiyoyin Berkeley da Livermore da Princeton suka haɗa ƙarfi a kan wannan bincike. Injin na ƙarshe da suka samu ginawa shi ne NDCX-II, wanda aka kammala a Berkeley a 2012 da kimanin dala miliyan 11, aka kuma haɗa shi da kayan wani tsohon injin Livermore da aka kwance. Ƙarfinsa wajen bolt miliyan 1 ne, alhali biliyoyi ake bukata, aikinsa kuma ɗumama siraran ƙarafa ne don nazari. A wannan shekarar ce gobara ta lalata injin ayon masu nauyi na cibiyar ITEP da ke Mosko. A 2013 Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka ta ce lokacin zaɓen guduma guda bai yi ba tukuna. Amma a watan Disamba na 2023, da Ma'aikatar Makamashi ta raba dala miliyan 42 ga cibiyoyi uku domin neman lantarki ta wannan hanya, dukansu masu lesa ne. A 2017 Jamus ta fara gina FAIR a gefen GSI, mai zobe na mita 1,100, a 2018 kuma ƙasar Sin ta fara gina HIAF a Huizhou. Manyan injunan ayon masu nauyi ne, za su taimaka wajen gane yadda abu ke kasancewa in ya matsu ya yi zafi, amma ba don ba da lantarki aka tsara su ba.

Adalci shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Babu wanda ya taɓa kunna 'yar ƙwallon da ayon masu nauyi. Tattara ayarin a kan ɗan tabo daga nisan mitoci, a cikin ɗakin da bai gama lafawa daga fashewar baya ba, abu ne da aka gwada ƙanana kawai. Lesa ta zamani ma ta rage cin wuta ƙwarai a kan ta NIF. Sa'an nan kowace guduma aka zaɓa, tashar da ke harbi sau 10 a sakan tana bukatar ƙwallo 864,000 a kowace rana, masu araha kuma babu aibi, ga kuma batun samar da tiritiyam.

Duk da haka ayon masu nauyi ba su zauna banza ba. Halin nan nasu na tsayawa cak su sauke ƙarfinsu a wuri guda shi ne likitoci ke amfani da shi wajen ƙona ciwon daji a cikin jiki ba tare da an yi wa naman da ke kewaye ɓarna mai yawa ba. Japan ta fara wannan magani da ayon na kabon a Chiba a 1994, GSI ta bi baya a 1997, a 2009 kuma aka buɗe cibiyar magani ta musamman a Heidelberg. A nan akwai marar lafiya a kwance, akwai asibiti mai bukata, don haka aka samu mai biya.

Kammalawa

'Yan uwa, a makaranta an koya mana cewa amsar da ta fi daidai ita ke cin maki. Aikin gwamnati ya koya mini cewa a waje ba haka abin yake ba. Na ga fayiloli masu kyawawan shawarwari waɗanda babu wanda ya soke su, babu kuma wanda ya sa musu hannu, suna nan cikin kabad ƙura tana hawa, don kawai babu wani babba da bukatarsa ta yau ta rataya a kansu. Da na karanta wannan tarihi sai na ga ashe ƙasashen da muke ganin sun gama tsara komai su ma suna da irin wannan kabad. Shawarar 1976 ba a kayar da ita ba, ba a ma shigar da ita filin kokawar ba. Mai yiwuwa ne da an gina injin ya kasa, mai yiwuwa ne kuma da yanzu ana wani zance dabam. Yawancin waɗanda suka zauna a Claremont sun tsufa ko sun rasu ba su ga amsar ba.

Abokin aikina dai na ce masa ya ci gaba da lallaɓa janaretansa, in ya sami hali ya sa sola, domin ita ce hanyar da wutar rana take iso mana a yanzu. Ga malaminmu na fiziks kuwa, in wannan mujalla ta kai hannunsa, Malam, ga amsar tambayarka bayan shekaru masu yawa: haidurojin rana take ci, ba ƙirya ba. Ina fata ba a rufe karɓar aikin gida ba.

A nan zan dakata, sai mun haɗu a taron shekara.